Waƙa a Hannun Wanda Ba Mai Ita Ba: Nazarin Makaɗan Piyano na Jaz da Waƙoƙin Zamaninsu

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Makaɗan jaz na Amurka sun kwashe wajen shekara ɗari suna ja da wannan magana, kuma da yatsunsu suke yin jayayyar. Tun farko abincinsu waƙar wani ce. Sukan ɗauko wadda gari ya sani, su tuɓe mata kalmominta, su sauke muryar mawaƙinta, sannan su duba abin da ya rage su yi gini a kansa. A cikinsu babu wanda nauyin wannan aiki ya fi hawa kansa kamar mai piyano, domin shi ke riƙe da karin waƙar a hannun dama, shi ne kuma ke shimfiɗa mata tabarmar da za ta zauna da hannun hagu.

A shekarar 1996 Herbie Hancock ya fitar da wani faifai a kamfanin Verve, ya sa masa suna The New Standard. A cikinsa ya kaɗa waƙoƙi tara na mawaƙan da ake ji a rediyo, irin su Prince da Sade da Stevie Wonder da ƙungiyar Nirvana. Sunan faifan kansa da'awa ce: wai ga sababbin waƙoƙin gado nan ya kawo. Wannan nazari zai bi asalin al'adar, ya duba yadda ake aikin, sannan ya auna ko da'awar ta tabbata.

Yadda waƙa take zama gado

Kalmar standard da ke cikin sunan faifan tana nufin waƙar da kowane makaɗin jaz ya wajaba ya haddace, wadda za a ambaci sunanta kawai a gidan kiɗa, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba su kama bugawa tare babu takarda a gabansu. Mu kira ta waƙar gado. Abin lura shi ne yawancin waɗannan waƙoƙi ba don jaz aka rubuta su ba. Waƙoƙin kasuwa ne na zamaninsu, na gidajen wasan kwaikwayo na Broadway da na fina-finan Hollywood. George Gershwin ya rubuta "I Got Rhythm" a 1930 don wani wasan dandamali. "Body and Soul" ita ma ta 1930 ce. Jerome Kern ya yi "All the Things You Are" a 1939. "Stella by Starlight" daga fim ta fito a 1944. Wanda ya ji su a wancan lokaci ya ji su ne kamar yadda matashin yau yake jin waƙar da ke tashe a wayarsa.

Abubuwa uku suka sa waɗannan waƙoƙi suka yi daɗin aro. Na farko, ba su da mai su guda ɗaya a kunnen jama'a. A titi na 28 na birnin New York, wurin da ake kira Tin Pan Alley, akwai marubuta waɗanda sana'arsu ke nan: su tsara waƙa, a buga ta a takarda, a sayar, kowane mawaƙi ya rera abarsa. Waƙa ɗaya sai ta fito a bakin mutum biyar cikin shekara guda. Na biyu, gininsu kusan iri ɗaya ne. Yawanci gaɓa 32 ce aka kasa gida huɗu: kari na farko, a maimaita shi, a kawo wani dabam a matsayin gada, a koma na farko. Makaɗi ya san inda yake ko da idonsa a rufe. Na uku, shimfiɗar sautin da ke ƙarƙashin karin tana yawan motsi, kusan kowace gaɓa da nata haɗin sauti, don haka mai ƙirƙira nan take yana da wuraren dafawa da yawa.

Doka ma ta taimaka. A 1909 majalisar Amurka ta yi dokar haƙƙin mallaka wadda ta ce muddin mai waƙa ya yarda aka naɗe ta aka sayar sau ɗaya, to kowa yana iya naɗar tasa, ya biya sent 2 a kan kowane kwafi, ba sai ya nemi izini ba. Wannan farashi bai motsa ba sai a 1978. Abin mamaki, piyano ne sanadin dokar, irin wanda ke kaɗa kansa da naɗaɗɗiyar takarda mai huji-huji, domin an ji tsoron kada kamfani guda ya kame kasuwar baki ɗaya. Kuma abin da doka ta fi karewa kari ne da kalmomi, jerin haɗin sauti kuwa na kowa ne. Da wannan ƙofa Charlie Parker ya shiga a 1945: ya ɗauki shimfiɗar "Cherokee", ya zubar da karinta, ya ɗora nasa, ya kira abin "Ko-Ko". Shimfiɗar "I Got Rhythm" kuwa ta haifi 'ya'ya da yawa a irin wannan hanya.

A tsakiyar shekarun 1950 aron ya kai ga ana yin faifai sukutum a kan waƙoƙin da ke tashe. An buɗe wasan My Fair Lady a Broadway cikin Maris 1956, kafin shekarar ta ƙare André Previn ya zauna a piyano tare da mai ganga Shelly Manne da mai bes Leroy Vinnegar suka naɗi waƙoƙin wasan, faifan ya zama cikin na jaz da suka fi kasuwa a lokacin. A 1960 John Coltrane, da McCoy Tyner a piyano, ya ɗauki "My Favorite Things" daga wasan da bai fi shekara guda da fitowa ba. A 1961 Yusef Lateef ya busa karin soyayya na fim ɗin Spartacus, Barry Harris yana masa piyano. Wannan Lateef ɗin shi ne wanda daga baya ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, har ya nazarci sarewar Fulani. A wancan zamani babu wanda ya ga baƙon abu a ce makaɗin jaz ya ɗauki waƙar bana.

Abin da piyano yake iyawa da wanda ba ya iyawa

Piyano yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Idan aka danna guda, 'yar guduma ce a ciki take dukan tsirkiya, kuma daga wannan lokaci sautin ya fara mutuwa ke nan. Mawaƙi yana iya riƙe sauti ya ƙara masa ƙarfi, ya lanƙwasa shi, ya zame daga wannan zuwa wancan kamar yadda mai goge yake yi. Piyano ba ya ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka ranar da mai piyano ya ɗauki waƙar da murya ta yi wa suna, ya shiga kokawa ne da hannu ɗaya a ɗaure. Ba shi da kalmomin da suka sa mutane kuka, ba shi da maƙogwaron da ya rera su.

Abin da yake da shi shi ne iko a kan duk abin da ke kewaye da karin. Yana iya barin karin yadda yake ya canza shimfiɗar da ke ƙasansa, sai sautin da a da yake nuna murna ya koma nuna kewa, tamkar ƙyalle ɗaya da aka tsoma a wata marina dabam. Yana iya sauya gudun waƙar, mai tafiyar hawainiya ta koma sukuwa. Yana iya sauya bugun, abin da ake ƙirgawa huɗu-huɗu ya koma biyar-biyar ko bakwai-bakwai. Yana kuma iya yin shiru. Ahmad Jamal, wanda ya karɓi Musulunci a 1950, ya yi suna da wannan. A kiɗan da aka naɗa a otal ɗin Pershing na Chicago a 1958, sau da yawa yakan ɗage hannu ya bar bes da ganga suna tafiya, mai sauraro ya cike gurbin da kansa. Wasu masu sharhi sun raina shi suka ce kiɗan gidan shaye-shaye yake yi, amma Miles Davis bai ɓoye cewa ya ɗauki darasi a wurinsa ba.

Tsarin da aka saba shi ne a fara da karin yadda kowa zai gane shi, sai kowane makaɗi ya karɓi zagayensa yana ƙirƙirar nasa a kan shimfiɗar, a ƙarshe a dawo a rufe da karin. A nan ne amfanin sananniyar waƙa yake. Yaro ya san yadda tatsuniyar Gizo za ta ƙare tun kafin a ce ga ta nan ga ta nanku, amma yakan matso kusa don ya ji yadda gwaggo za ta ba da ita a daren nan. Haka mai sauraron jaz yake. Waƙar asali tana tafiya a cikin kansa, yana jin inda makaɗi ya bi ta, da inda ya kauce, da inda ya tsokane ta. Idan bai san waƙar ba, rabin hirar ya wuce shi. Wannan ne dalilin da ya sa aron waƙar zamani ya fi ƙarfin neman kasuwa kawai: shi ne ke ba makaɗi da mai sauraro harshe guda.

Wani dare a Washington

A watan Mayu na 1965 Ramsey Lewis, ɗan Chicago wanda ya taso yana kiɗa a coci, ya je Washington da abokan aikinsa biyu, Eldee Young mai bes da Redd Holt mai ganga, don a naɗi wasansu kai tsaye a gidan kiɗa na Bohemian Caverns. Kamar yadda shi Lewis ya sha ba da labari, suna zaune a wani gidan shan kofi suna neman waƙa mai sauƙi da za su cike jerin nasu, sai ma'aikaciyar wurin ta ba su shawarar su gwada "The In Crowd" ta Dobie Gray, wadda ke tashe a watannin. Suka saurare ta a akwatin kiɗan gidan, suka tafi da ita.

Wanda ya saurari naɗin zai ji jama'ar ɗakin kafin ya gama jin piyanon. Tun daga gaɓoɓin farko tafi ya kama, ana ihu daga bayan ɗaki, wani yana amsawa kamar a taron biki. Lewis bai ɓoye karin ba, bai kuma wahalar da shimfiɗar ba. Ya bar waƙar a fili, yana dukanta da salon coci da na bulus, yana sassautawa har ta kusa ɓacewa, sannan ya dawo da ita da ƙarfi ɗakin ya ɗauka. Naɗin ya kai matsayi na 5 a jerin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe, ya wuce inda ta mai ita ta tsaya, faifan ya kai na 2, aka kuma ba su kyautar Grammy.

Da Lewis ya ga hanya ta buɗe sai ya bi ta. Ya kaɗa "Hang On Sloopy", ya kaɗa ta Beatles. A ƙarshen 1968, makonni kaɗan bayan Beatles sun fitar da farin faifansu, ya shiga ɗakin naɗi da Charles Stepney suka yi Mother Nature's Son, wanda duk waƙoƙinsa daga can aka ɗebo su. Masu tsattsauran ra'ayin jaz suka ce ya sayar da mutuncinsa. Zargin ya yi tsauri, amma akwai ƙamshin gaskiya a cikin abin da suke tsoro. Idan makaɗi ya tsaya ga maimaita kari da ɗan ado, bai ƙara komai nasa ba, to kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Irin wannan kiɗa ne ya cika zaurukan otal-otal, ana ji ba a saurare.

Inda hanya ta rabu

A daidai lokacin da Lewis yake cin kasuwa, waƙar kasuwa ita kanta tana canza kama. Daga Beatles da Bob Dylan da kamfanin Motown, waƙa ta manne da wanda ya rera ta. Mawaƙa da yawa suka koma rubuta nasu da kansu. Abin da mutane suke ƙauna ya zama naɗin kansa: wannan muryar, wannan amon jita, wannan dabarar da injiniya ya yi a ɗakin naɗi. Waƙar Gershwin tana zaune a takarda, kowa ya ɗauka ya same ta cikakkiya. Waƙar rok kuwa idan aka rubuta ta a takarda, sau da yawa haɗin sauti uku ko huɗu ne ake ta juyawa, ƙarfinta yana can cikin abin da takarda ba ta ɗauka.

Su ma makaɗan jaz suka ja da baya. A tsakiyar shekarun 1970 wasu ɗalibai a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston suka tattara waƙoƙi a wani littafi mai suna The Real Book, ana sayar da shi a ɓoye saboda ba a biya masu haƙƙi ba, sai a 2004 aka fitar da halastaccen bugu. Littafin ya zama allon kowane ɗalibi, kuma abin da ya shiga allo shi ake haddacewa. A shekarun 1980 Wynton Marsalis da masu ra'ayinsa suka tashi da kiran a koma tushe, a girmama magabata, da tsohuwar zuma ake magani. A 1983 Keith Jarrett ya kafa ƙungiyarsa ta mutum uku da Gary Peacock da Jack DeJohnette, suka shafe shekaru suna tona tsofaffin waƙoƙin gado, suka nuna har yanzu akwai ruwa a rijiyar. Sai dai matashin da aka haifa a 1975 bai taso da waɗannan waƙoƙi ba. A wurinsa kari da ƙirƙira duk baƙi ne, ba ya iya bambanta inda waƙa ta tsaya da inda makaɗi ya fara.

Miles Davis ya ga wannan giɓi. A faifansa na 1985 ya busa "Time After Time" ta Cyndi Lauper da "Human Nature" ta Michael Jackson, aka yi ta surutu, bai kula ba.

Faifan Hancock daga kusa

Hancock ya san harkar aron waƙa ta kowane ɓangare. An haife shi a Chicago a 1940, yana ɗan shekara 11 ya kaɗa Mozart tare da babbar ƙungiyar makaɗan birnin. A 1962 ya rubuta "Watermelon Man", shekara ta zagayo Mongo Santamaría ya ara ya mayar da ita abin rawa, ta shiga goman farko a kasuwa. Da yake Donald Byrd ya ba shi shawarar kada ya saki haƙƙin waƙoƙinsa ga kamfani, kuɗin suka shigo aljihunsa, har ya sayi motar tsere ƙirar Cobra. Daga 1963 zuwa 1968 yana tare da Miles Davis. Ya yi Head Hunters a 1973, ya yi "Rockit" a 1983, a farkon shekarun 1990 kuma ƙungiyar Us3 ta yanki kiɗansa na "Cantaloupe Island" ta gina waƙar da ta zagaye duniya. Mutum ne da ba ya jin kunyar kasuwa, kuma babu mai iya cewa bai iya jaz ba.

Mutanen da ya tara ma suna da labari. Dave Holland a bes, Jack DeJohnette a ganguna, Don Alias a ƙananan ganguna, su ukun suna cikin waɗanda suka yi Bitches Brew da Miles. John Scofield mai jita yana cikin faifan nan na Miles na 1985. Michael Brecker ne kaɗai, mai sakisofon, ya zo daga wata hanya. Bob Belden ya taya shi tsara kiɗan. Shida daga cikin waƙoƙi taran da suka ara ba su wuce shekara 10 da fitowa ba a lokacin: ta Peter Gabriel 1986, ta Sade 1988, ta Don Henley 1989, ta Prince 1990, sai ta Nirvana da ta Babyface a farkon shekarun 1990. Sauran ukun sun girme su: "Norwegian Wood" ta Beatles 1965, ta Stevie Wonder 1972, da "Scarborough Fair", tsohuwar waƙar gargajiyar Ingila da Simon da Garfunkel suka farfaɗo da ita a 1966.

Faifan ya buɗe da "New York Minute". A bakin Henley waƙa ce mai sanyi, mai nauyin zuciya. Hancock ya ɗora ta a kan doki. DeJohnette yana kora daga baya, an sake shimfiɗar gaba ɗaya, karin ya leƙo ya wuce kamar wanda ya zo gaisuwa a tsaye, daga nan sai ƙirƙira. Kiɗa ne na gwanaye, babu musu. Amma bayan minti biyu mai sauraro zai iya tambayar kansa: ina waƙar Henley? Da an cire ta an sa wani kari dabam, da kusan abu ɗaya za a ji. A nan waƙar ta zama tsani ne kawai, aka hau aka ture shi.

Sai a juya zuwa "All Apologies". Kurt Cobain na Nirvana ya fitar da ita a 1993, ya mutu a Afrilun 1994, don haka raunin bai warke ba a zukatan masoyansa lokacin da Hancock ya taɓa ta. Bai kira taron makaɗa ba. Shi ne da Scofield, wanda ya ɗauki sitar mai lantarki, kayan kiɗa mai amon Indiya. Karin Cobain gajere ne, yana ta kewaya wuri ɗaya kamar mai neman ƙofa a ɗaki mai duhu, kuma Hancock ya bar shi ya yi ta kewayawar. Hannun hagu yana tafiya a hankali da nauyin bulus, na dama yana taɓa karin yana saki, sitar tana jan sautin da piyano ba zai iya ja ba. Waƙar da ta fi kowace ƙarancin haɗin sauti a faifan, wadda a ƙa'idar makaranta ita ce ba ta dace da jaz ba, ita ce ta fito da ranta. Dalili kuwa shi ne an saurare ta kafin a taɓa ta.

Tsakanin waɗannan biyu sauran suke. Ta Stevie Wonder ba ta buƙaci tiyata mai yawa ba, domin shi da ma da kunnen jaz yake rubutu. Ta Prince an bar mata ƙugunta na rawa, kuma ta ji daɗin hakan. Abin dariya a ƙarshe shi ne kyautar Grammy da faifan ya samo a 1997 ba ta faɗa kan ko ɗaya daga cikin taran ba. "Manhattan" ce ta ci, waƙar da Hancock ya rubuta da 'yar'uwarsa Jean, guda ɗaya tilo da ba aro ba.

Waɗanda suka biyo sawu

Brad Mehldau, wanda aka haifa a 1970, bai buƙaci wani ya gabatar masa da waƙoƙin rok ba, da su ya girma. A 1998 ya kaɗa "Exit Music" ta Radiohead, shekara guda bayan fitowarta, tare da "River Man" ta Nick Drake. Hanyarsa ta bambanta da ta Hancock: yakan bar shimfiɗar kusan yadda take, ya riƙa tara nauyi a hankali, hannayensa biyu kowanne da nasa zance, har waƙar ta cika ta batse. A 2003 ƙungiyar The Bad Plus, da Ethan Iverson a piyano, ta rugurguza "Smells Like Teen Spirit" da ƙarfin da ya dace da asalinta, aka rasa gane ko girmamawa ce ko ba'a.

Robert Glasper na Houston ya shigo da waƙoƙin baƙaƙen Amurka na zamaninsa. Faifansa Covered, wanda aka naɗa a gaban 'yan kallo a ɗakin naɗi na Capitol, ya fito a 2015 da waƙoƙin Kendrick Lamar da John Legend da Jhené Aiko da Radiohead, ya kuma ajiye "Stella by Starlight" a tsakiyarsu, tsohuwa cikin jikoki. Glasper ba ya gudun maimaici. Ya karɓi juyin haɗin sauti huɗu a matsayin gida, yana neman bambanci a cikin bugu da taɓawa, kamar yadda masu hip-hop suke yi da yankakken kiɗa. Tun a 2007 ya haɗa "Maiden Voyage" ta Hancock da wata waƙar Radiohead ya mayar da su abu guda.

Shi kansa Hancock ya sake dawowa a 2007 da River, faifan da ya gina a kan waƙoƙin Joni Mitchell. A wannan karon ya zauna ya karanta kalmomin kafin ya taɓa piyano, ya kuma gayyato muryoyi: Tina Turner da Norah Jones da Leonard Cohen da ita Mitchell. A 2008 faifan ya ci kyautar faifan shekara ta Grammy, ya doke na Amy Winehouse da na Kanye West. Kafin shi faifan jaz guda ɗaya ne ya taɓa cin wannan kyauta, Getz/Gilberto a 1965. Sai dai a lura: da ya tashi cin babbar kasuwa, sai da ya mayar wa waƙa bakinta.

Kammalawa

To, da'awar da ke cikin sunan faifan 1996 ta tabbata? Idan aka auna da ma'aunin makaɗa, a'a. Waƙa ba ta zama gado don wani babba ya naɗa mata rawani. Tana zama ne idan baƙi biyar suka haɗu a kan dandamali da tsakar dare, ɗaya ya ambaci sunanta, sauran suka gyaɗa kai. Har yau "Autumn Leaves" da "All the Things You Are" ake kira a irin wannan zama, da wuya a ji wanda ya kira ta Henley ko ta Babyface. Tsarin da Hancock da Belden suka yi ɗinki ne da aka auna a jikin mutum shida, ba ya shiga kowa. Ga shi kuma zamanin da gari duka yake jin rediyo ɗaya ya wuce, kowa da abin da ke kunnensa, waƙar da kowa ya sani sai ƙara wuya take yi. Waƙoƙin gadon da Hancock ya bar wa jaz na hannunsa ne: "Watermelon Man", "Cantaloupe Island", "Maiden Voyage", "Dolphin Dance". Su ne ɗalibai suke haddacewa.

Amma faifan ya ci wata nasarar. Ya fito daga hannun mutumin da ba a isa a ce masa bai san tushe ba, a daidai lokacin da ake son rufe ƙofar gado a sa mata kwaɗo, ya tuna wa mutane cewa Gershwin ma ɗan kasuwa ne a zamaninsa. Yau babu mai ɗaga gira idan matashin mai piyano ya kaɗa waƙar da ya ji a waya jiya. Abin da ake tambayarsa kawai shi ne me ya gani a cikinta, kuma me ya ƙara.

Mai karatu da yake son ya gwada da kunnensa, ya nemi "The In Crowd" a bakin Dobie Gray, sannan ya ji ta a hannun Ramsey Lewis. Ya saurari "All Apologies" ta Nirvana har ta zauna masa, sannan ya kunna ta Hancock da Scofield. Duka ba za su ci masa rabin awa ba, kuma daga nan shi ma yana da bakin magana a wannan tsohuwar gardama.